Kumallon da Ya Matso da Ranar Aurena

Masu bina a wannan shafi, sannunku da haƙuri. Na ga saƙonninku, har da na wadda ta ce in ban dawo ba za ta biyo ni Potiskum ta ƙwace wayar ta ƙarasa labarin da kanta. Yi zamanki 'yar'uwa, ga ni. Wanda bai san ni ba, sunana Hansatu, gidanmu yana unguwar Yindiski, kuma an sa mini rana da Kashim bayan babbar salla. Abin da zan ba ku yau ya kusa raba ni da shi, kuma wallahi zif ɗin riga ne ya jawo.

Kashim shanu yake lodawa a kara, wato kasuwar shanu, ya bi tirela zuwa kudu. Mutum ne da zai hango sa daga nesa ya faɗi nauyinsa, tsofaffin dillalai su gyaɗa kai. To wannan gwanin ne ya dawo daga Legas da wata doguwar riga ruwan zuma, mai duwatsu a wuya da bakin hannu, ya ce ita yake so in sa ranar wushe-wushe, shagalin nan da danginmu na Barno ba sa aure sai da shi, ko da yake yanzu da rana tsaka ake yi saboda dokar hana fita. Na shiga ɗaki na zura ta. Zif ya hau, ya hau, da ya iso tsakiyar bayana ya ce nan ne iyakarsa. Na riƙe numfashi, na shanye ciki, na karanto duk addu'ar da na iya. Ko gezau.

Ina cikin wannan kokawa sai ga saƙonsa.

"Ta yi miki?"

Da mai hankali ce da ta ce ta ɗan yi kaɗan, a kai wa tela. Ni kuwa uwar iyayi sai na rubuta, "Kamar a jikina aka ɗinka."

"Ai na san idona ba ya kuskure," in ji shi, har da fuskar nan mai dariya.

To ku gaya mini ta inda zan koma in ce masa idon ya kuskure.

A gurup ɗinmu na 'yan ajin sakandare na tsinto maganar azumin rage ƙiba. Ba na ibada ba ne. Kin ci abincinki da magariba, shi ke nan baki ya rufe sai azahar ɗin gobe, amma an yarda ki sha ruwa da shayi marar sukari. Wata ta turo hotonta na da da na yanzu, na zuba masa ido na ce ai ni aka yi wa wannan. Wata guda muke yi na Ramadan ba mu mutu ba, balle azumin da ake shan ruwa a ciki.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne Hajja Falmata.

Hajja yayar Babanmu ce. Daga Baga ta zo mana shekarar da aka tarwatsa garin. Da ƙafa ta ratso dajin ita da wasu mata, ta iso mana da zani ɗaya, leɓɓanta a tsattsage, ƙafafunta ba sa shiga takalmi. Ba ta taɓa ba mu labarin hanyar ba, mu ma ba mu tambaya. Amma tun da ta murmure ta karɓe madafi, musamman na safe, tunda Mama malamar firamare ce da wuri take fita, Baba kuma yana kasuwa. Dokar Hajja ɗaya ce tal: ba mai kai hantsi a gidan nan da ciki wayam. Kunun gyaɗa ne, ƙosai ne, ɗumamen tuwo da man shanu ne, kuma a kanka take tsayawa sai ta ga ƙasan kwano. Ko mai gyaran famfo ne ya shigo sai ya ci kafin ya taɓa famfon. Ta yaya zan dubi wannan baiwar Allah in ce mata da gangan nake son zama da yunwa? Bakina ba zai iya ba.

Sai na ce mata ramuwar azumi nake yi. Ta ji daɗi sosai, har da sa mini albarka, ta ce 'yan matan yanzu sai Sha'aban ya zo musu wuya suke tunawa ana binsu. Ni kuma da azahar in lallaɓa madafi in ɗebo shinkafa in shige ɗaki in tura ƙofa. Allah Ya yafe mini, na san abin ba kyau.

An yi 'yan kwanaki lafiya lau. Sai wata safiya bayan na idar da salla na haɗa koren shayi mai kauri, don a gurup an ce yana narkar da kitse. Na ɗaure fuska na shanye shi tas. Ban kai ga ɓoye kofin ba Hajja ta zuba turare a kasko. Turaren wuta take haɗawa tana sayarwa, na Barno na asali, wanda matan unguwa ke layi a kansa, kuma da safe take gwada sabon haɗi. Ƙamshin da kowa ke yabo, ni ranar hanjina ya juya. Yawu ya cika mini baki, wani gumi mai sanyi ya keto mini, na kwasa a guje sai bakin makwarara. Ba komai a cikin ai, sai wani ruwa rawaya mai ɗacin tsiya. Ina yunƙuri ina hawaye.

Da na ɗago sai na ga buta a gefena, Hajja na riƙe da ita.

"Azumi da amai, Hansatu?"

"Kumallo ne kawai, Hajja."

"Uhm," ta ce.

Washegari haka. Wanshekare haka. Ni da taurin kai ban bar shayin ba, don na ga zanina ya fara ɗan sassautawa. Rannan ina bayan ƙofa na kafa kai a kofi, sai labule ya ɗaga.

"Mai azumi, sannu da shan ruwa."

"Wayyo, mantawa na yi, Hajja."

"Jiya da azahar ma mantawa kika yi kika cinye mini shinkafa har da ƙanzo?"

Na mayar da kofin bayana. Ta kafe ni da ido tun daga fuska har ƙafa, ta sake wannan "uhm" ɗin, ta saki labule. Ni a haukata na ɗauka ta gaji da ni ne kawai.

Da abin ya ishe ni sai na nufi wurin Sista Augustina. Nas ce, mutuniyar Binuwai, tana haya a gidan da ke jikin namu. Lokacin da mutane ke ta ɗaure kaya suna barin gari, ita ta ce ba inda za ta, a nan ta haifi 'ya'yanta, a nan kuma ta iya cin miyar kuka. Na same ta ranar hutunta tana tsinke alayyafo a tsakar gida.

"A'a, amarya. Wannan fuskar fa? Ango ya gudu ne?"

Na zauna na zayyana mata komai, tun daga zif har makwarara. Ta yi dariya har sai da ta ajiye tiren tana share ido da gefen zani.

"Hansatu, wane irin azumi ne wannan? Ba na masallaci ba, ba na coci ba. Wa zai ba ki ladan, tela?"

"Sista, don Allah ki bar dariya, mutuwa nake yi kowace safiya."

"Ba za ki mutu ba. Shayi mai kauri a kan ciki wayam, dole ya tayar miki da zuciya, ki bar shi. Da kin tashi ki sha ruwa kaɗan-kaɗan, ba ki ɗaga jarka ba. In kin ji yawu na taruwa, ki tauna ɗanyar citta, ko ki matsa lemon tsami kaɗan a ruwan. Da magariba me kike ci?"

"Abin da ya samu."

"Faɗi gaskiya."

"Soyayyen dankali da ƙwai. Da awara. Wani lokaci da tsire in Baba ya kawo."

"Kin gani! Ki kwanta da wannan man duka, shi ne yake kwana yana yi miki ɗaci. Ki ci abinci mai sauƙi. Kuma ki dawo da cin farko zuwa hantsi, jiki ba a yi masa dole rana ɗaya. In amai bai tsaya ba, ko kin ji jiri, ki watsar da abin gaba ɗaya ki zo in duba ki. Kina da olsa?"

"A'a."

"To kada ki je ki nemo ta da kanki."

Ta ɗaure mini citta da lemon tsami a leda. Na riƙe hannunta na ce, "Sista, don girman Allah kada Hajja ta ji."

"Ni nas ce. Rufe baki rabin aikina ne."

Na fito ina tsotsar ɓarin lemo, ina yamutsa fuska, sai ga Hajja a ƙofar gidanmu tana cinikin gawayi. Ta dubi lemon, ta dubi ƙofar da na fito, ta ci gaba da cinikinta. Daga baya na ji cewa a ranar ta shiga wurin Sista ta tambaye ta me ke damuna, ita kuma don cika mini alkawari ta ce, "Hajja, abin da ke tsakanina da mara lafiya ba na faɗa. Ki tambaye ta da kanki."

Yanzu ku haɗa da kanku. Budurwa, amai kowace safiya, ga ƙin abinci, ga ƙaryar azumi, ƙamshi ya zama abokin gaba, ga tsotsar tsami, sannan nas ta ce sirri ne. Na san kun riga kun gane. Duk Yindiski ni kaɗai ce ban gane ba.

Abin da na gani kawai shi ne Hajja ta sauya. Ta daina kunna turare da safe, ta koma gwada shi a soro. Ta daina tsayawa a kaina da kunu. In na ɗauki bokiti ta ce, "Ajiye, ajiye 'yar nan," ta ɗauka da kanta. Shara ma ta karɓe. Da hantsi sai ta turo mini faten tsaki da yakuwa mai tsami har ɗaki, ba tambaya ba faɗa. Ni kuwa na miƙe ƙafa ina cin duniyata, ina cewa ashe amarci tun kafin biki yake farawa. Shawarar Sista ta yi aiki, kumallon ya yi sauƙi, zif ya ƙara hawa kamar faɗin yatsa biyu. Har rawa na taka a gaban madubi.

Ranar Laraba, ranar kasuwar shanu, na ga Hajja ta fito da lafayarta mai ruwan makuba, wadda ba ta naɗawa sai da babban dalili. Ta shafa humra, ta ɗauki jaka.

"Ina zuwa haka, Hajja?"

"Gaisuwa."

Na yi mamaki, don tun zuwanta ba ta shiga taro. Ko kasuwar cefane ba ta zuwa, ta ce ba ta iya tsayawa a layin da ake caje mutane, kuma in ta ga shingen sojoji jikinta rawa yake. Amma ranar da kanta ta tare Keke ta hau. Ta dawo bayan azahar, takalminta duk kashin shanu, ta wanke shi a bakin famfo tana 'yar waƙarta ta Barbarci. Ko wannan bai sa na farga ba.

Kashim mutum ne da ba ya fashin saƙo. Da safe, "An tashi lafiya, ranki ya daɗe?" Da rana hoton wani ƙaton sa, wai in gaishe da yayana. To daga yammacin Larabar nan ɗif. Na tura, "An tashi kasuwa lafiya?" Ya buɗe, bai amsa ba. Alhamis na tura masa hotona da sabon ɗaurin ɗankwali. Ya buɗe, shiru. Raina ya ɓaci, na ce wato tun yanzu an fara yi mini yanga, to mu zuba mu gani. Na ajiye wayar, na ɗauka, na ajiye, na ɗauka. A gaskiya na damu, don ina son mutumin nan fiye da yadda nake nuna masa.

Juma'a bayan an sauko masallaci wayar ta yi ƙara.

"Na yi wa Babana magana. Za a matso da ɗaurin aure kafin salla."

Kun san abin da ya fara faɗo mini a rai? Zif. Kafin salla! Ina laifin a bar ni in ƙarasa aikina?

Na rubuta, "Ikon Allah. Gobara ake yi?"

"Ki kwantar da hankalinki. Ba wanda zai ji daga bakina."

"Zai ji me?"

Na ga yana rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya tsaya. Can sai ga shi: "Ina zuwa bayan la'asar."

A nan ne gabana ya fara faɗuwa.

Na sa atamfata shuɗiya da farin mayafi, na ɗauki ruwa da zoɓo mai sanyi na nufi soro. Yana zaune a can ƙarshen tabarma cikin farar shaddarsa ta Juma'a, hularsa zanna a karkace, abin da ban taɓa gani ba. Idanunsa sun faɗa. Na gaishe shi ya amsa bai dube ni ba. Zoɓon da yake shanyewa kafin in zauna, ranar ko kallo bai ishe shi ba.

"Ranka ya daɗe, lafiya? Wa ya rasu?"

"Hajja ta same ni a kara ranar Laraba."

"Hajja? A cikin shanu?"

"Ta ja ni bayan tirela. Ta ce abin da ya faru ya riga ya faru, ba ta zo faɗa ba. Ta ce Babanki da Mamanki ba su sani ba, kuma ba za su sani ba. In rufa miki asiri in matso da rana kafin abin ya fito."

"Wane abu ne zai fito?"

"Ta ce kina da juna biyu, Hansatu."

Jama'a, ban san lokacin da kofin hannuna ya faɗi ba. Kunnuwana suka yi ɗum. Amai, lemo, bokiti, faten yakuwa, duk suka jeru a gabana lokaci ɗaya. Na ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," sai dariya ta ƙwace mini, kafin ta ƙare kuka ya biyo ta.

"Kashim, ko hannuna ka taɓa riƙewa?"

"A'a."

"To me ka ce mata?"

"Na ce to, Hajja, za a matso."

"Shi ke nan? Ba ka ce mata ba kai ba ne?"

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni. "In na ce ba ni ba ne, tambaya ta gaba mece ce? To wane ne. Ban so a yi wannan tambayar a kanki a tsakiyar kara ba."

Haushinsa nake ji kamar in rufe shi da duka, don ya iya zama kwana da kwanaki da wannan zance a ransa bai tambaye ni ba. Kuma a daidai lokacin ban taɓa sonsa kamar haka ba. Na goge hanci da bakin mayafi, kwalliya ta riga ta tafi.

"Amma a ranka ka yarda?"

"A raina na ce Hansatun da na sani ba za ta yi ba. Sai kuma in tuna Hajja ba ta ƙarya, kuma ba ta shiga kasuwa a banza. In kwanta da wannan, in tashi da wancan."

Kafin in ba shi amsa sai ga Hajja ta turo ƙofar cikin gida. Ashe tana nan a tsaye.

"Ki bar kuka, 'yar nan. Ba ke ce farau ba. Yaron kirki ne, ya karɓa, an gama."

"Hajja, wallahi tallahi ba ni da komai!"

"To aman fa? Ƙaryar azumin fa?"

Na tashi a guje na shiga ɗaki, na zaro rigar daga ƙasan akwati, na dawo na shimfiɗa ta a tsakiyar tabarma. Na faɗi komai. Zif, gurup, koren shayi, Sista da cittarta. Na ce a kira Sista yanzu, na sake ta daga alkawari, in ana so a tafi asibiti a auna ni a gaban kowa.

Kashim ya sauke wata ajiyar zuciya da sai da hularsa ta motsa. Ya rufe fuska da tafukansa yana ta alhamdulillahi. Na juya wurin Hajja ina jiran ita ma ta yi dariya, ko ta rufe ni da faɗa.

Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta zauna a bakin dakali a hankali.

"Wato abincin yana gabanki, da zafinsa, kike kawar da kai?"

"Hajja..."

"Da gangan?"

Na sunkuyar da kai.

"A dajin nan akwai wata yarinya sa'arki, tana bayana muna tafe. Ganye muke tsinka muna taunawa. Kullum sai ta ce mini, Hajja, in mun isa gari kunu zan fara sha, mai zafi. Ba ta iso ba." Ta gyara bakin mayafinta. "Ni da na ɗauka ciki ne, na ce kuskure ne irin na 'yan Adam, ana rufawa. Wannan kuwa ban san sunansa ba."

Wallahi da mari ta yi mini da ya fi sauƙi. Na durƙusa a gabanta na riƙe ƙafafunta, ƙafafun nan da suka shiga kara saboda ni, ina ba ta haƙuri. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Kashim ne ya yi gyaran murya. Ya ɗaga rigar da yatsa biyu yana juya ta.

"Hajja, ni ma da laifina. A jikin mutum-mutumin shago na gan ta, na ce ai Hansatu ke nan."

Na ɗago da jajayen idanu. "Kai da kake auna sa daga nesa?"

"Sa ba ya sa riga, ranki ya daɗe."

Hajja ta yi ƙoƙarin riƙe fuska, abin ya gagara, sai da haƙorin makkanta ya bayyana. Ta ce, "Sakarkaru biyu. Riga ake ƙara wa yadi, ba mutum ake ragewa ba. Kai kuma me ya faɗar maka da ido haka?"

Ya sosa ƙeya. "Tun Laraba abinci bai wuce mini ba, Hajja."

Ashe shi ma ya shiga azumin, ko gurup ba a sa shi ba. Hajja ta miƙe kamar an tsikare ta. Kafin mu ankara ta dawo da tire: biski da miyar yakuwa, naman kai a sama. Ta raba mana kwano biyu, ta ja kujera ta zauna a tsakaninmu ta harɗe hannu. Haka muka ci, ni da angona, ba zance ba kallon juna, sai ƙarar cokali. Sai da ta ga ƙasan kwanon kowa sannan ta ce ya tashi ya tafi kafin a rufe hanya. A bakin ƙofa ya ce mini a hankali zai gaya wa Babansa a bar rana inda take. Na ce masa ni kuma ban gama fushi ba, ya ce ya sani, zai jira.

Na kwanta ina cewa an wuce wurin.

Da safe Mama da Baba sun fita, Hajja ta dama kunun gyaɗa ta miƙo mini a babban kofin silba. Na karɓa da hannu biyu, ban yi musu ba. Ina hura shi sai muka ji sallama. Wata mata ce daga gidan su Kashim, ɗauke da kwano rufe da faifai. Ta dire shi a gaban Hajja, ta ce Hajiya, mahaifiyar Kashim, ce ta ce a ba Hansatu. Ba saƙon gaisuwa, ba yaya jiki. Ko zama ba ta yi ba ta juya.

Hajja ta ɗaga faifan. Tsamiya ce fal, da lemon tsami, da ɗanyar yakuwa a sama.

Muka dubi juna. Sai wayata ta yi ƙara a cinyata. Kashim ne.

"Kawu Babaji yana ɗaya gefen tirelar ranar Laraba. Ya ji komai, ya kai wa Hajiya. Na yi mata bayani tun jiya, ta ce ai dole in kare ki. Ta ce kada in ƙara yi mata maganar ranar aure sai ta neme ni."

Na karanta wa Hajja. Ta shiga ɗaki, sai ga ta ta fito tana naɗa lafayar nan mai ruwan makuba.

"Ni na kai maganar kara, ni zan kai gyaranta har ɗakin uwarsa. Ɗauko rigar. Mu biya mu ɗauki Sista, yau bakinta zai buɗe."

Na miƙe zumbur zan ajiye kofin. Ta ɗora hannu a kafaɗata ta mayar da ni zaune.

"Ina za ki? Ba mai fita gidan nan sai na ga ƙasan kofin."

Na kafa kai na sha, da zafinsa, Hajja na tsaye a kaina. Na shanye tas na kifa mata kofin ta gani. Zuciyata ko kaɗan ba ta tashi ba.

"To," ta ce. "Yanzu mu je."